Tarihin Saitin Furosesa a Ƙwayar Linux da Yadda Ya Shafi Zangon Nima da Maamobi

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan wayoyin zamani da ke hannun jama'a a unguwannin Nima da Maamobi na birnin Akara, a ƙasar Gana, suna aiki ne da manhajar Android. A can ƙarƙashin Android kuwa akwai wata manhaja da ba a ganin ta da ido, wadda ake kira ƙwayar Linux. Wannan ƙwaya ita ce kuma ke tafiyar da manyan kwamfutocin bankuna, da na'urorin rarraba intanet, da akwatunan talabijin masu yawa. Abin tambaya a nan shi ne, yaya aka yi rubutu guda ɗaya ya dace da na'urori iri-iri haka, alhali ba yare ɗaya suke ji ba? Amsar tana cikin wani aiki da ba kasafai ake ambatonsa ba, wato kula da saitin harhaɗa ƙwayar domin kowane irin furosesa.

Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin wannan aiki daga 1991 zuwa 2025, sannan ta dubi yadda ya shafi mazauna zango, waɗanda yawancin na'urorinsu na hannu ne ko masu rahusa. Abin da tarihin ya nuna shi ne, na'ura tana ci gaba da zama a cikin Linux muddin akwai mutumin da ya ɗauki nauyin kula da saitinta. Ranar da aka rasa wannan mutum, an fara ƙirga kwanakinta.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da na'ura baki ɗaya, kamar Windows ko Android. Ƙwaya ita ce cibiyar babbar manhaja. Ita ke magana kai tsaye da ƙarfe, tana raba wa sauran manhajoji lokaci da wurin ajiya. Furosesa kuwa shi ne ɗan guntun da ke aiwatar da umarni a cikin na'ura. Kowane dangin furosesa yana da jerin umarnin da yake ganewa, kuma wannan jeri shi ake nufi da zubin furosesa. Akwai zubin x86 na kamfanonin Intel da AMD, akwai zubin ARM da ke cikin wayoyi, akwai wasu da dama.

Ana rubuta Linux da harshen da mutum zai iya karantawa, galibi harshen C. Kafin na'ura ta yi aiki da rubutun, sai wata manhaja mai fassara ta juya shi zuwa umarnin furosesa. Wannan juyawa ita ce harhaɗawa. To amma rubutun Linux ya kai miliyoyin layuka, kuma babu na'urar da ke buƙatar dukkansa. Don haka kafin a harhaɗa, dole a amsa tambayoyi: wane zubi? wane irin allo? akwai kebul na intanet ko babu? Tambayoyi da yawa suna da amsa ɗaya daga cikin uku: a saka abin a cikin ƙwaya, ko a ajiye shi gefe a ɗauko idan buƙata ta taso, ko a bar shi. Jimillar waɗannan amsoshi ita ce saiti. Tambayoyin sun haura 15,000, kuma da yawansu a sarƙe suke da juna, ta yadda amsa ɗaya kan buɗe ko ta rufe wasu ɗari.

3.0 Daga Furosesa Ɗaya Zuwa Masu Yawa

A ranar 25 ga Agusta, 1991, Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya sanar da cewa yana rubuta wata ƙwaya domin kwamfutarsa mai furosesa Intel 80386. A lokacin shi kansa bai sa ran za ta yi aiki a kan wani zubi daban ba, domin ya ɗaure ta tamau da dabarun 386. A 1992 ya sanya ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar karanta rubutun, da gyara shi, da rarraba shi, bisa sharaɗin ya bar wa na bayansa irin wannan dama. Bugu na 1.0 da ya fito a watan Maris 1994 zubin 386 kaɗai ya sani.

Canji ya fara ne a 1994, lokacin da Jon Hall na kamfanin DEC ya yi hanyar da aka ba Torvalds kwamfuta mai furosesa Alpha. Domin a shigar da wannan baƙo, sai da aka tsefe rubutun, aka ware abin da ya shafi kowane zubi zuwa wata jaka mai suna arch, aka bar sauran a matsayin kayan kowa. Bugu na 1.2 na watan Maris 1995 ya zo da farkon aikin Alpha da SPARC da MIPS. Zuwa bugu na 2.0 a watan Yuni 1996, zubin Motorola 68000 na kwamfutocin Amiga da Atari shi ma ya shiga. A Ingila kuma Russell King ya fara tun 1994 yana ɗora Linux a kan kwamfutar Acorn mai furosesa ARM, aikin da ya shiga babban rubutun a ƙarshen shekarun 1990. A ƙarshen 1999 kamfanin IBM ya fito da nasa aikin domin manyan kwamfutocinsa na S/390.

Kowane zubi da ya shigo ya zo da mai kula da shi, ya kuma zo da fayil ɗinsa na tambayoyi, mai suna config.in. A nan matsala ta fara tsirowa. Kowane zubi yana jera tambayoyin direbobi a fayil ɗinsa, don haka idan aka yi gyara a wuri ɗaya sai an bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kuma sau da yawa akan manta da wasu. Bugu da ƙari, manhajoji uku ne daban-daban suke karanta waɗannan fayiloli, kowace da irin fahimtarta. Mutum yana iya zaɓar saitin da ya ci karo da kansa, ba zai sani ba sai harhaɗawa ta tsaya masa a tsakiya.

4.0 Takaddamar Harshen Saiti

A shekarar 2000, Eric Raymond, sanannen marubuci kan buɗaɗɗiyar manhaja a Amurka, ya gabatar da sabon harshen saiti mai suna CML2. Tsarin nasa yana iya bin sarƙaƙiyar tambayoyi ya hana a zaɓi abin da ba zai yiwu ba. Duk da haka bai samu karɓuwa ba. Wasu sun ƙi shi saboda an rubuta shi da harshen Python, wanda a lokacin ba kowane mai harhaɗa ƙwaya ke da shi ba. Wasu kuma, musamman masu kula da zubi-zubi, sun ga cewa ya sauya harshe da ma'anar tambayoyi a lokaci guda, ta yadda ba za su iya tantance abin da ya canza a ɓangarensu ba. An shafe kusan shekara biyu ana ja-in-ja.

Wanda ya warware matsalar shi ne Roman Zippel, ɗaya daga cikin masu aiki a kan zubin Motorola 68000. Ya rubuta nasa tsarin da harshen C, ya kuma tanadi hanyar juya tsofaffin fayiloli zuwa sabon harshe ba tare da an taɓa ma'anarsu ba. An karɓi aikinsa a bugu na 2.5.45, a watan Oktoba 2002, kuma shi ne Kconfig da ake amfani da shi har yau. A cikinsa kowace tambaya tana da suna, da bayani, da jerin abubuwan da ta dogara a kansu. Kowane zubi kuma yana ajiye wasu fayiloli na amsoshin da aka riga aka gwada, masu suna defconfig, domin wanda bai ƙware ba ya samu inda zai faro.

Irin wannan ta faru da ɓangaren harhaɗawa kansa. Keith Owens ya sake rubuta shi baki ɗaya, aka ƙi karɓa. Kai Germaschewski da Sam Ravnborg suka bi shi da gyara kaɗan-kaɗan, aka karɓa. Daga nan aka gane wata al'ada ta masu Linux: gyaran da kowane mai kula zai iya dubawa ya fahimta ya fi karɓuwa a kan wanda ya zo a dunƙule, ko da na dunƙulen ya fi kyau a takarda. Bayan Ravnborg, Michal Marek ya riƙe wannan ɓangare, sannan Masahiro Yamada na Japan ya karɓa a 2017.

Da sabon harshen ya zauna, sai aka shiga haɗe dangin da suka rabu. A 2005 aka fara haɗe PowerPC mai bit 32 da mai bit 64 a jaka ɗaya. A bugu na 2.6.24, a watan Janairu 2008, Thomas Gleixner da Ingo Molnar suka haɗe i386 da x86_64 suka zama x86, domin an lura ana gyara kuskure a ɗaya a bar shi a ɗayan.

5.0 Matsalar ARM

Zubin ARM ya bambanta da x86 ta fuskar kasuwanci. Kamfanin ARM da ke Kambirij a Ingila ba ya ƙera furosesa domin wayoyi. Zane yake sayarwa, kowane kamfani ya saya ya ƙara nasa kayan. Kwamfutar tebur tana da hanyar da take sanar da ƙwaya abubuwan da ke jikinta idan an kunna ta. Allon ARM ba shi da wannan. Saboda haka kowane allo sai an rubuta masa fayil na musamman da saiti na musamman, kuma ƙwayar da aka harhaɗa domin allo ɗaya ba ta tashi a kan wani.

Da wayoyin Android suka fara fitowa a 2008, sai abin ya zama ambaliya. A 2010 Torvalds ya koka da yawan fayilolin defconfig na ARM, har ya yi barazanar share su. Mafitar da aka samu ita ce a rage kowane fayil ya ƙunshi amsoshin da suka saɓa wa na asali kaɗai, kuma wannan gyara shi kaɗai ya zubar da layuka kusan 200,000. A watan Maris 2011 ya sake nuna ɓacin ransa kan yadda kamfanoni ke turo rubutu mai maimaita juna, kowa yana taka ƙafar ɗan'uwansa.

Wannan faɗa ya haifar da gyara iri biyu. Na farko, an kafa wasu masu kula na tsakiya, Arnd Bergmann da Olof Johansson, waɗanda duk aikin kamfanonin ARM sai ya bi ta hannunsu kafin ya isa ga Torvalds. Na biyu, an aro wata dabara daga PowerPC, wato a rubuta bayanin kayan allo a wani ɗan fayil daban da ake miƙa wa ƙwaya lokacin tashi, wanda ake kira bishiyar na'urori. A bugu na 3.7, a watan Disamba 2012, ya zama ana iya harhaɗa ƙwaya ɗaya ta tashi a kan alluna na kamfanoni daban-daban. A wannan bugu ne kuma ARM mai bit 64 ya shiga, wanda shi ne ke cikin yawancin wayoyin yau.

6.0 Zamanin Sallama

Akwai wani fayil a cikin Linux mai suna MAINTAINERS, inda ake rubuta sunan mai kula da kowane ɓangare da kuma halin da ɓangaren yake ciki. Wani ana biyan mai kula da shi albashi, wani sa kai ne, wani kuma an rubuta masa maraya, wato ba shi da kowa. Zubin da ya zama maraya nauyi ne a kan kowa, domin duk wanda zai gyara wani abu na gama-gari dole ya gyara shi a kowace jaka ta arch, har da wadda ba shi da na'urar gwada ta.

Wanda aka fara sallama cikin sanannu shi ne mai gidan kansa. A bugu na 3.8, a watan Fabrairu 2013, aka cire furosesa 386 da Linux ta faro a kansa. A bugu na 4.17, a watan Yuni 2018, Arnd Bergmann ya jagoranci cire zubi takwas a lokaci guda: Blackfin, CRIS, FR-V, M32R, Meta, MN10300, Score da TILE, abin da ya rage layuka kusan 500,000. Dalilan a fili suke. Kamfanonin da suka ƙera su sun koma sayen zane daga wasu, kuma wasu daga cikinsu babu ma mai fassara na zamani da zai iya harhaɗa su. Kafin a cire su sai da aka tuntuɓi masu kula da su, aka nemi ko akwai mai amfani da sabon bugu a kansu.

Misali biyu sun isa su nuna cewa tsufa ba shi ne ma'auni ba. Itanium furosesa ne da Intel da HP suka kashe maƙudan kuɗi a kansa, ya fito a 2001. An rubuta masa maraya a 2021, aka cire shi a bugu na 6.7 a watan Janairu 2024. Dangin Motorola 68000 kuwa, wanda ya faro tun 1979, ya ga shigar Itanium ya kuma ga fitarsa, saboda Geert Uytterhoeven na ƙasar Beljiyam da abokan aikinsa ba su daina harhaɗa shi da gwada shi ba. Haka kuma a farkon 2023 an kawo shawarar cire zubin SuperH na Japan, sai John Paul Adrian Glaubitz ya fito ya ce ya ɗauki nauyinsa, aka janye shawarar. A daidai wannan zamani sababbi suna shigowa: RISC-V a 2018, LoongArch na ƙasar Sin a 2022. A 2025 kuma Ingo Molnar ya gabatar da shawarar a sallami furosesa 486.

7.0 Nima da Maamobi

Ana danganta kafuwar Nima da Malam Amadu Futa, wani dillalin shanu da ya samu fili daga iyalin Odoi Kwao a 1931. Daga baya unguwar ta cika da baƙi daga arewacin Gana, da Nijeriya, da Nijar, da Mali, da Burkina Faso, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su, ta kuma bazu har Maamobi. A tsohon tsarin zango, baƙon fatake ba ya zama sai da fatoma, wato mai masaukin da zai sauke shi, ya tsaya masa a ciniki, ya amsa tambaya a kansa. Wanda ya san wannan tsari ba zai sha wuyar fahimtar fayil ɗin MAINTAINERS ba: kowane zubi baƙo ne, mai kula da shi kuma fatomansa.

Hukuncin da waɗannan masu kula ke yankewa yana isowa zango ta hanya biyu. Ta farko ita ce kwamfutocin hannu da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Wani bincike da aka fitar a 2011 ya ƙiyasta cewa a 2009 Gana ta shigo da kayan lantarki tan 215,000, kashi 70 cikin 100 na hannu ne. Irin waɗannan kwamfutoci su ne a ɗakunan intanet, da shagunan buga takardu, da makarantu masu ƙaramin ƙarfi. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a watan Afrilu 2014, ya daina tallafin gama-gari na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin furosesa da yawa. Mai irin wannan na'ura, idan yana son ci gaba da samun gyaran tsaro, Linux ce mafakarsa. To amma ita ma mafakar tana da iyaka. Fedora ta daina harhaɗa ƙwaya domin x86 mai bit 32 a 2019, Ubuntu ta rage shi ƙwarai a wannan shekara, Debian kuma ta bi sahu a bugunta na 13 a watan Agusta 2025. Wannan ya shafi na'urori irin su Pentium III da Pentium M da Atom na farko. Yawancin waɗanda suka fito daga zamanin Core 2 zuwa gaba masu bit 64 ne, abin bai taɓa su ba. Kwamfutar da manhaja ta gudu ta bar ta kuwa, makomarta hannun 'yan gwangwan ce, irin waɗanda suka yi aiki a Agbogbloshie kafin hukuma ta tashe su a watan Yuli 2021.

Hanya ta biyu ita ce waya. Wayoyin Tecno da itel da Infinix da suka cika kasuwar Tip Toe Lane, kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, yawancinsu furosesan ARM ne na kamfanonin MediaTek da Unisoc. A al'adar wannan sana'a, mai ƙera furosesa yakan ɗauki wani bugu na Linux, ya ƙara masa direbobinsa da saitinsa, ya miƙa wa mai ƙera waya. Idan wannan ƙari bai koma babban rubutun Linux ba, to wayar ba ta da fatoma a can. Ranar da kamfani ya daina turo sabuntawa, ƙwayarta ta tsaya ke nan, ko da allonta da batirinta lafiya lau suke. Mai gyaran waya a Nima yana iya canza gilashi, ya liƙe waya da dalma, ya sake ɗora manhajar kamfani, amma ba zai iya harhaɗa sabuwar ƙwaya ba sai da rubutun direbobi da fayil ɗin saiti. Lasisin GPL ya wajabta wa duk wanda ya rarraba ƙwayar ya bayar da rubutunta tare da abin da ake harhaɗa ta da shi, sai dai ba kowane kamfani ke cika wannan sharaɗi ba. Domin rage wannan ɓaraka, Google ta fara tilasta amfani da ƙwaya guda mai saiti guda daga Android 12 a 2021, kamfanoni su ɗora direbobinsu a gefe. Wasu 'yan sa kai kuma sun kafa aikin postmarketOS a 2017 domin mayar da tsofaffin wayoyi kan babban rubutun Linux.

Gana ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ta samu cikakken haɗin intanet a 1995 ta hannun kamfanin Nii Quaynor. A 2003 aka buɗe cibiyar fasahar sadarwa ta Kofi Annan a Akara da haɗin gwiwar Indiya, wadda ta ba buɗaɗɗiyar manhaja muhimmanci a koyarwarta, kuma a 2010 birnin ya karɓi baƙuncin taron Idlelo na masu buɗaɗɗiyar manhaja na Afirka.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga yadda Linux ta tashi daga furosesa ɗaya a 1991 zuwa zubi kusan 20, da yadda yawan baƙi ya tilasta sauya harshen saiti a 2002, da gyaran gidan ARM tsakanin 2010 da 2012, da kuma sallamar marayu daga 2013 zuwa 2024. An kuma ga cewa ƙarfin kamfani bai ceci Itanium ba, yayin da mutane ƙalilan suka riƙe Motorola 68000 da SuperH.

Wannan yana da amfani ga wuraren da na'ura ke daɗewa a hannu, kamar Nima da Maamobi, ko Kano da Maraɗi. Masu yanke hukuncin cire wani saiti suna dogara ne da abin da ya iso kunnensu. Idan sun yi cigiya ba wanda ya amsa, sukan ɗauka babu mai amfani da shi. Abin da ake nema ga wanda zai tsaya wa wata na'ura bai wuce ƙarfin ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Legon ko Kumasi ko Zariya ba: ya mallaki na'urar, ya harhaɗa mata kowane sabon bugu, wanda ke fitowa duk bayan mako 9 ko 10, ya kunna ya gani, sannan ya kai rahoton abin da ya lalace ga mai kula da ɓangaren da sunansa ke cikin fayil ɗin.